Kurege da Raken Tsere

Ga ta nan, ga ta nanku. Na baya ya daina mintsinin na gaba.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun nutsu.

Wata makaranta ce a daji, a gindin wata tsohuwar tsamiya. Malaminta shi ne Malam Zalɓe, mai dogon wuya da gajeren haƙuri. Da hantsi a yi karatu da ƙidaya. In rana ta yi sanyi sai ya ce, "Ku tashi! Kan da ya sha karatu, ƙafa ce ke sauke masa nauyi." Sai a fita fili, a yi tsalle, a yi gudu.

Ɗalibansa na gaba huɗu ne: Kwaɗo gwanin ƙidaya, da Bushiya mai ƙaya, da Barewa mai gudu, sai Kurege. Shi Kurege karatu ba ya ba shi wuya, ji ɗaya yake yi ya haddace. Amma da an ce a fita fili sai ya dafe cinya.

"Wayyo Malam, ƙafata, ƙafata!"

"Wacce?"

"Ta hagu."

"Jiya ta dama ka ce."

"Ai ciwon yawo yake yi, Malam."

Sai a bar shi a inuwa yana gadin guzuri. Su gudu, shi tauna. Su gudu, shi tauna. Su suka yi ƙarfi, shi ya yi tumbi.

Ana nan, ana nan, sai aka yi shela: za a yi tseren karɓi-ka-miƙa tsakanin makarantar tsamiya da ta tsallaken rafi, ta Malama Hawainiya. Kowane ɓangare ɗalibai huɗu, wannan ya yi gudu ya miƙa wa wannan sanda har a kai layi. Sandar kuwa karan rake ce mai gaɓa bakwai. Waɗanda suka ci, dami goma na rake nasu ne. Alƙaliya kuma Kura.

Da Kurege ya ji an ambaci rake sai ya miƙe zumbur.

"Malam, na warke."

"Yanzu-yanzu?"

"Ikon Allah ke nan."

Ranar tsere daji ya cika. Kura ta hau kututture ta ce, "Doka ɗaya ce. Rake ya ƙetare layi da gaɓoɓinsa bakwai. Ban san wani zance ba."

'Yan tsallaken rafi suka fito da Zomo da Gada da Jimina, kowa iska. Amma na ƙarshensu ɗan Hawainiya ne, don uwarsa ce malama, ta ce ɗanta ne zai sha tafi.

Aka buga ganga. Kafin ka ce kwabo Zomo ya miƙa wa Gada, Gada ta miƙa wa Jimina, Jimina ta danƙa wa ɗan Hawainiya. Shi kuwa ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya juya ido gabas, ya juya ido yamma, kana ya ajiye ta.

A wannan ɓangaren Kwaɗo ya yi ta tsalle har ya miƙa wa Bushiya. Bushiya ta yi ta sauri-sauri har ta miƙa wa Kurege, tana haki tana cewa, "Karɓi ka miƙa, kada ka riƙe!"

Kurege ya karɓa da baki. To hanyarsa ta bi ta bayan wani ƙaton suri inda ba mai ganinsa. Yana shiga bayan surin sai zaƙi ya ɗiga masa a harshe. Ya tsaya. Ya duba nan, ya duba can.

"Gaɓa ɗaya ba ta rage rake," in ji shi. Ya sha ɗaya, ya tofar da tukar.

Ya yi taku uku. "Gaɓa ɗaya ba ta rage rake." Ya sha ta biyu.

Haka, haka, har ya fito daga bayan suri hannu na dukan cinya, ciki kamar tulu.

Barewa na jira tana kartar ƙasa. "Ina raken?"

"Yana nan."

"Ina?"

Kurege ya buga cikinsa, tim! "Na adana shi inda ba zai faɗi ba. Ɗauke ni, Yaya Barewa, ni ne sandar!"

Ba lokacin faɗa. Barewa ta cafki wutsiyarsa ta zuba da gudu. Kurege na lilo yana kururuwa, kansa na share ciyawa. Suka wuce ɗan Hawainiya fuu, suka ƙetare layi. 'Yan tsamiya suka kaure da sowa.

Kura ta ce, "Tsaya tukun. Ina raken?"

Kurege ya gyara murya. "Ranki ya daɗe, ya ƙetare. Yana cikina."

Kura ta lashe baki. "Madalla. Alƙali ba ya hukunci da ji sai da gani. Kwanta in farke cikin in ƙidaya."

Malam Zalɓe ya sa fiffike ya rufe ido.

"Ranki ya daɗe," in ji Kurege, "in kin farka, ruwa za ki tarar. Wa ya taɓa ƙidaya gaɓa a cikin ruwa? A ce Kura babbar alƙaliya ta kasa lissafi a gaban jama'a? Shaidar rake ai tuka ce. Bari in kawo miki ita, tuli bakwai."

Kura ta dubi jama'a, ta dubi cikin Kurege, ta haɗiye yawu. "Je ka. Amma in ɗan Hawainiya ya riga ka taka layin nan, zan yi ƙidayata yadda na iya."

Kurege ya zuba a guje. Ai kuwa ko rabin hanya bai kai ba ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Ya faɗi rigingine yana numfashi kamar zugazugi.

"Wayyo ƙafata, ƙafata!"

Ya ɗaga kai sai ga Barewa da Bushiya da Kwaɗo tsaye a kansa.

Bushiya ta ce, "Wacce?"

"Duka huɗun, wallahi. Yau da gaske ne."

Kwaɗo ya ce, "Ka sha mana rake, ka sha mana guzuri. Mu bar ka da Kura mana."

"In ta farke ni, dami goma sun ƙetare rafi. Ku cece ni don raken, in ba don ni ba. Yaya Bushiya, ki dunƙule ki yi birgima a kan tukar, za ta maƙale a ƙayarki. Kwaɗo, hau suri ka ƙidaya. Yaya Barewa, mu naɗe Bushiya a ganyen gamji ki ɗauke ta."

Suka dubi juna. Barewa ta ce, "Ja'iri, kanka na ja. Ƙafar ce matacciya."

Suka ja shi zuwa suri. Yana nuna inda ya tofar, Bushiya na birgima. Aka naɗe ta, Barewa ta sure ta ta yi gaba. Sai Kwaɗo ya yi ƙara daga kan suri.

"Shida na ƙidaya! Shida! Ina ta bakwai?"

Kurege ya buɗe baki zai yi rantsuwa, sai ya ji wani abu a kumatunsa. Ashe ta bakwai tana nan ya maƙale ta, yana ɗan tsotsa tun ɗazu.

Barewa ta yi nisa. Ɗan Hawainiya saura taku uku.

"Gudu!" in ji Kwaɗo. "Ba mai ɗaukar ka!"

Jama'a, Kurege ya yi gudu. Tumbi na gaba, shi yana biye. Kwaɗo na tsalle a gefensa yana ba shi kiɗa da baki: "Ɗaya, biyu! Ɗaya, biyu! Ja numfashi ta hanci!" Barewa ta ajiye Bushiya a gaban Kura, ta dawo tana tunkuɗa shi da goshi. Malam Zalɓe da kansa ya manta da girma yana ta buga fiffike.

Ɗan Hawainiya ya ɗaga ƙafar ƙarshe a kan layi. Ya tsaya ya sake launi, don ya shiga da kwalliya. Uwarsa na ihu, "Taka! Taka, ɗan nema!"

Kurege ya yi sufa ya faɗo a kan layi, tukar ta yi tsalle daga bakinsa ta faɗa kan ƙafar Kura.

Kura ta ƙidaya sau uku ko za ta sami shida. Bakwai cif. Ta yi tsaki ta sauka daga kututture.

Aka kai dami goma gindin tsamiya. Kurege ya miƙo hannu, Malam Zalɓe ya ɗan sare shi da baki. "Kai ka sha naka tun a hanya."

Washegari, kafin kowa ya fito fili, Kurege na can yana miƙe ƙafafu.

"Malam, yau ma akwai sandar miƙawa?"

"Akwai, ɗalibina."

Malam ya ba shi wata sanda da aka feraye sumul, gwanin sha'awa. Kurege ya karɓa, ya zaga bayan tsamiya, ya gartsa mata haƙori. Ashe reshen maɗaci ne. Ya yar da ita ya nufi rafi don ya kurkure baki, da gudun da Barewa ma ta bi shi ta kasa kamo shi.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege, a guje yake, sai ya tsaya cak a kan ƙafa biyu ya goge baki. Ɗacin ne bai gama fita ba.

Ƙurunƙus, kan kurege ya sha da ƙyar. Darasin kuwa shi ne: in za ka shanye sandar tsere, ka tabbata abokin karawarka ɗan malama ne. Ku tashi haka nan, ku miƙe ƙafa.