Ƙofofin Kurege a Shekarar Tari

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ku gyara zama, amma ku ɗan bar tazara, don tatsuniyar yau tari gare ta.

Wata shekara aka yi annobar tari a dawa. Giwa ta yi tari, Biri ya ɗauka. Biri ya yi tari, Gada ta ɗauka. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Zaki sarkin dawa ya sa aka yi shela: a rufe kasuwa, kowa ya shige gidansa ya zauna. Ba biki, ba suna, ba leƙa maƙwabci.

Kun dai san Kurege. Ko a zaman makoki ba ya iya zama wuri ɗaya. Yana da wata rumfa a bakin kasuwa, gindin tsamiya, wadda ya gada daga kakansa, a nan yake sayar da gyaɗa. Duk mai shiga kasuwa sai ya bi ta gabansa, duk wanda ya bi kuwa sai ƙamshi ya ja masa riga. Da za a ce masa ya zaɓa, rumfar ko wutsiyarsa, da sai ya ce a kawo wuƙa.

Ga shi yau an ce ya zauna a rami. Ya kwanta, ya tashi. Ya leƙa waje, ya dawo. Ya sake leƙawa, ya sake dawowa.

Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, don Allah ka zauna, kana sa ni jiri."

Ya ce, "Ina zaune mana." Alhali yana tsaye.

Ana nan, yunwa ta fara yi wa dawa sallama. Sai aka sake shela: Sarki ya buɗe rumbunsa, za a raba tallafi. Kowace ƙofa mudun gero. Ƙofar da aka ji tari kuwa a ƙara mata da gyaɗa da zuma, sannan Inna Bushiya mai magani ta ja mata farin zane, kada kowa ya fito. Farar ƙasa take kwaɓawa da ƙaro, in ya bushe ko ruwan sama ba ya wanke shi.

Raƙumi aka ɗora wa rabon. Da ya iso ƙofar Kurege ya yi sallama, ya sauke mudu ɗaya, ya wuce. Kurege ya bi shi da kallo. Wuyan Raƙumi can sama, bakin rami can ƙasa. Ko da wasa bai sunkuya ya ga wanda ya amsa masa ba.

Kurege ya ce, "Tasalla, ina 'yar fartanyar nan?"

"Me za ka yi da ita?"

"Dangi zan haƙo."

Ya haƙa, ya haƙa, ya haƙa, ya ɓullo a gindin kalgo. Ya dawo ya haƙa, ya ɓullo a bayan suri. Ya dawo ya haƙa, ya ɓullo a bakin hanya. Duk ƙofofin nan kuwa ta ciki a ɗakin kwanansa suka haɗu.

Ranar rabo ta zagayo. Raƙumi ya yi sallama a ƙofar Kurege.

"Lafiya lau muke, ranka ya daɗe!" in ji Kurege. Aka sauke gero.

Sai ya ruga ta ƙarƙashin ƙasa, ya ruga, ya ruga, ya riga Raƙumi zuwa gindin kalgo.

"Salamu alaikum, wa ke nan?"

Kurege ya shaƙe murya. "Ni ne Kawu Barmo, ɗan tsoho. Uhu, uhu!"

"Ayya, sannu Baba." Aka sauke gero da gyaɗa da zuma. Inna Bushiya ta miƙa hannu daga nesa ta ja zane.

Ya ruga, ya ruga, sai bayan suri. Ya siranta murya. "Ni ce Gwaggo Yalwa, ba ɗa ba jika. Uhu, uhu!"

Ya ruga, ya ruga, sai bakin hanya. Nan kam haki ya riga ya cika masa ƙirji, bai ma sha wahalar ƙarya ba. "Malam Tunau ne, baƙo, kulle ya rutsa da ni. Uhu!"

Haka aka yi ta yi, rabo bayan rabo. Gyaɗa ta cika ɗaki har ba wurin shimfiɗa tabarma. Kurege ya yi kumatu, sai dai ƙafafunsa sun kusa ƙarewa.

Tasalla ba ta jin daɗin abin. Ta ce, "Maigida, na ji an ce kaya suna ƙarewa kafin a kai gidan Kunkuru. Kuma shi tarin gaske yake yi."

Ya ce, "Ai Kunkuru ko an ba shi, kafin ya kai baki an buɗe gari."

Ta ce, "Ramin ƙarya dai ƙurarre ne."

Ya ce, "Nawa ƙofa huɗu gare shi."

Akwai kuma Dila, maƙwabcinsu. Shi ba shi da rumfa, a rana yake baza kolinsa can ƙarshen kasuwa, kuma ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gindin tsamiyar nan. Mudu ɗaya yake samu, haƙarƙarinsa duk sun fito. Wata rana ya ɗaga murya daga ƙofarsa:

"Maƙwabci, yaushe ka yi dangi haka? Ban taɓa ganin Kawu Barmo ko a sallar idi ba."

"Mai kunya ne," in ji Kurege.

Dila ya kaɗa kai, ya koma ciki. Kaɗa kan Dila kuwa ba alheri ba ne.

Kwanci tashi tari ya fara sauƙi. Aka yi shela ta uku: za a buɗe kasuwa, amma da sharaɗi. Za a rage rumfuna don a sami tazara. Duk wanda aka gama buga gangar buɗe kasuwa ba ya tsaye a rumfarsa da ƙafafunsa, an ba wani. Mai farin zane kuwa ko inuwarsa kada a gani.

Kurege ya yi tsalle har ya buga kai da rufin rami. Ƙofarsa ta gaskiya ba zane, ga gyaɗa buhu-buhu ba da ko anini ba. Ya ce, "Tasalla, wasu annoba ta karya su, ni jari ta ba ni!"

Da safiyar ranar kasuwa yana ciki yana ɗaure buhuna, Tasalla na shara a waje. Sai ga Dila ya jawo Inna Bushiya da Raƙumi, yana cewa, "Inna, bayin Allahn nan, su Kawu Barmo, har yau tari suke. Ai bai kamata a buɗe kasuwa ba a turara musu gida ba."

Inna Bushiya ta ga maganar ta yi daidai. Ta cika kasko da garwashi, ta zuba ganyen darbejiya, ta watsa busasshen barkono dunƙule guda. Ta tura kaskon bakin ƙofar Kawu Barmo, ta rufe da faifai.

"Baba, ka shaƙa sosai, magani ne!"

Jim kaɗan sai hayaƙi ya ɓullo a bayan suri. Raƙumi ya ce, "Af." Sai ya ɓullo a bakin hanya. Inna Bushiya ta ce, "Ikon Allah." Sai ga shi yana tuƙuƙi daga ƙofar Kurege, ƙofar da ba ta taɓa ganin zane ba.

Tasalla ta jingine tsintsiya. "Maigida, ka ɗora wani abu a wuta ne?"

Kurege na ciki, ya toshe hanci, ya cije leɓe. Ya ruga gindin kalgo, wuta. Ya ruga bayan suri, hayaƙi. Ya ruga bakin hanya, hayaƙi. Idanu suka yi ja, hawaye shar. Ya daure, ya daure, ya daure, har daurewa ta ƙare. Ya faso waje ta ƙofarsa ya zube a gaban jama'a.

"Uhu! Uhu! Uhu-uhu-uhu!"

Karo na farko ke nan da ya yi tarin gaskiya a shekarar, kuma shi ne wanda bai so a ji ba.

Inna Bushiya ba ta tsaya tambaya ba. Ta tsoma hannu a kwaɓin farar ƙasa, ta ja masa zane a wannan gefen jikinsa, ta ja a wancan.

"Koma ciki. Ba kai ba kasuwa."

Can nesa aka ji makaɗi ya fara gwada ganga. Dila ya gyara ɗaurin kolinsa yana murmushi.

Kurege ya shiga lissafi. In ya ce tarin hayaƙi ne, ba wani Kawu Barmo, to ya zama ɓarawon tallafi, sai gaban Zaki. In ya yi shiru, rumfar kakansa ta tafi hannun Dila. Gaba kura, baya sayaki. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma tsoro bai taɓa hana kan Kurege aiki ba.

Ya juya kamar zai koma rami. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya buɗe wutsiyar nan tasa mai kama da mafici, ya shiga fifita. Fir, fir, fir. Hayaƙin barkono ya kwanta, ya nufi jama'a.

Dila ya fara. "Uhu!" Inna Bushiya ta karɓa. "Uhu, uhu!" Raƙumi ya ɗaga wuya sama don ya tsira, ashe can hayaƙin ya fi taruwa. Ya yi wani tari da ya kaɗo 'ya'yan kalgo.

Kurege ya dafe ƙirji. "Inna lillahi! Annoba ta dawo! Inna, kawo kwaɓin in taya ki. Mu fara da Dila, nasa ya fi muni. Sai Raƙumi, shi kam zai ci farar ƙasa da yawa. Ke kuma in kin juya baya sai in ja miki naki. Tasalla, ruga ki gaya wa Sarki kada a buɗe kasuwa, mai maganin ma ta kamu."

Inna Bushiya ta zaro ido. Ita ce ta je gaban Zaki ta rantse cewa tari ya yi sauƙi.

"Kai, rufa mana asiri! Wannan ai tarin hayaƙi ne."

"Nawa fa, Inna?"

Ta ce, "Naka ma."

Dila ya yi kururuwa yana share hawaye. "To ina Kawu Barmo? Ina Gwaggo Yalwa? Ina baƙon? Su fito mu gan su!"

Kurege ya ce, "Ai maganin Inna ba wasa ba ne. Shaƙa ɗaya suka yi suka warke. Ta gabana suka wuce a guje, Kawu har ya manta sandarsa. Raƙumi, kai da kake sama, ba ka hango su ba?"

Raƙumi ya yi tunani. In aka ce ba kowa a ramukan nan, to shi ne ya yi ta zuba hatsin Sarki a ramin banza yana cewa sannu Baba.

Ya ce, "Na hango su. Tsohon ne ma a gaba."

Inna Bushiya ta gyara ƙayoyinta, ta ce da ma ta san haɗin nan ba ya ƙarya.

Sai ganga ta ɗauka gadan-gadan. Dila ya zabura, idanu rufe da yaji, ƙafarsa ta zurma ƙofar Malam Tunau, ya kifa, koli ya watse.

Inna Bushiya ta ce, "Kurege, tsaya in wanke maka zanen tun bai bushe ba."

Ina! Kurege ya tsaya? Ya riga ya saɓi buhu. Ya ruga, ya ruga, ya ruga, iska na busar da ƙaro a jikinsa. Makaɗi na sauke bugun ƙarshe, shi kuma yana dira a gindin tsamiya. Rumfa ta tsira! Ya rungumi turken rumfar har da 'yar ƙwalla.

Ya baza gyaɗa, ya miƙe tsaye. "Ga gyaɗa! Ga ta marau-marau!"

Gada ta taho da kwandonta. Ta dubi gyaɗa, ta dubi gefen mai gyaɗa, ta ja da baya.

"Farin zane!"

"A'a, Hajiya, lafiyata ƙalau, wallahi kuskure a..." Sai ragowar barkono ta taso masa. "Uhu!"

Kafin ya rufe baki, bakin kasuwa ya zama fili. Masu shiga suka sake hanya, suka riƙa zagayawa ta ƙarshen kasuwa, inda Dila ya ɗingiso ya baza kolinsa a rana. Dila bai taɓa ciniki irin na ranar ba.

Kurege ya tsaya, ya zauna, ya tsaya. Ya kira wannan, ya kira wancan. Ko ƙuda bai sauka ba.

Sai da rana ta karkata, ga Kunkuru tafe, a rame, wuya kamar igiya. Ya zo har cikin rumfa ya tsaya.

Ya ce, "Ni ba na gudun zanenka. Na yi tarin na gaske, na warke, ba gyaɗa ba zuma. Sai dai ban zo da ko sisi ba."

Kurege ya duba hagu, ya duba dama. Ya ce a ransa, in aka ga mutum a rumfar, wasu ma sa matso. Ya cika mudu ya tura masa. Kunkuru ya ci a hankali, ya cinye. Ba wanda ya matso. Ya ƙara masa. Ba wanda ya matso. Kasuwa bayan kasuwa Kunkuru na zuwa, har buhunan nan suka ƙare kaf.

Ran da ya cinye na ƙarshe ya lashe baki ya ce, "Allah ya saka wa Sarki. Tallafin ya yi nawa, amma ya iso."

Zane kuwa, Tasalla ta dirje shi da toka, ta dirje da sabulun salo, ta dirje da yashi, yana nan daram. Shi ya sa har gobe in kun ga Kurege a bakin hanya za ku ga farin zane a gefensa. Zai miƙe a kan ƙafa biyu, ya duba nan, ya duba can. Mai sayen gyaɗa yake jira.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa. Ba don Kurege ya roƙe ni in rufa masa asiri ba, da na faɗa muku inda rumfar take. Ku dai ku riƙe wannan: in za ku haƙa wa Kawu Barmo ɗaki, kada ku haɗa shi da naku.