Ɗanwaken Iya Bushiya

Inna, tun da kika rasu yaran gidan nan suke bina in yi musu tatsuniya, kamar yadda kike yi musu a bakin murhu. Ni ban iya da baki ba, muryata takan tsaya a hanya. Shi ne na zauna na rubuta wannan.

An yi wata tsohuwar Bushiya mai haƙuri, wadda ta riƙe marayu biyu a gindin wata kuka. Ɗaya Zabuwa ce mai surutu, ɗaya kuma Kurege mai ji da kansa, wanda kullum cikin sauri yake.

Da kaka ta yi, aiki ya sha kan kowa. Zabuwa tana kalar dawa, Kurege yana tonon gyaɗa yana binnewa, Bushiya tana roron wake. Babu mai lokacin tuƙa tuwo, sai suka koma ɗanwake, don shi nan da nan yake nuna.

Kowa da aikinsa. Zabuwa ta daka yaji, Kurege ya fifita wuta da jelarsa, Iya Bushiya ta kwaɓa gari da kuka da ruwan kanwa, ta riƙa jefawa a tukunya. Da ya taso sama sai a tsame, a zuba mai, su kewaye akushi ɗaya.

"Kai sarkin sauri, ka ci gabanka mana!" in ji Zabuwa.

"Uwar surutu, da baki kike ci ko da ido?" in ji Kurege.

Bushiya sai ta yi dariya, ta tura wa kowa manyan a gabansa.

Wata rana Kurege ya gano wata babbar gonar gyaɗa a hayin rafi. Da la'asar ya leƙo gida, ko zama bai yi ba.

"Iya, a rufe mini nawa. Yau ba ni da lokacin fifita wuta."

"To wa zai fifita?" in ji Zabuwa. "Ni fukafukaina duk yaji ne, so kake in makantar da Iya?"

"Ku hura da baki. Ni abin da nake tarawa zai ci da gidan nan har baɗi."

Bushiya ta matso bakin murhu. Ta durƙusa ta hura wutar da bakinta, hayaƙi yana shiga mata ƙirji. Da aka sauke, ta zuba nasa a ƙwarya ta rufe da faifai.

Haka aka yi ta yi. Wata rana ya dawo ya ci da sanyinsa yana mita, wata rana ko buɗe faifan ba ya yi. Tari ya kama Bushiya, amma ba ta fasa rufe masa nasa ba.

Ran nan ta tare shi a bakin ƙofa, ta riƙo jelarsa.

"Ɗan nan, yau dai ka zauna. Zo ka ga yadda nake sa kanwa da kuka. 'Yar'uwarka hankalinta yana kan turmi, kai ne kake kusa da tukunya."

"Iya, ɗanwake har wani abin koyo ne? Gari ne da ruwa. Gobe in Allah ya kai mu."

"Kullum gobe!" in ji Zabuwa. "Wannan goben taka a wace kasuwa ake sayar da ita?"

Kurege ya fizge jelarsa ya wuce. Ya kwana a hayin rafi, ya sake kwana, sai da ya ga ƙarshen gonar.

Ya dawo da rana tsaka yana jan buhun gyaɗa, tun daga nesa yana kira: "Iya! A ɗora tukunya, yau ni zan fifita!"

Murhu ya yi sanyi. Zabuwa tana zaune a kan turmi. Ta nuna masa sabon kabari a bayan kuka. Sannan ta nuna masa ƙwarya.

"Ga naka nan. Da hannunta ta rufe. Ta ce kada in taɓa, wai za ka dawo da yunwa."

Ya ɗaga faifan. Ɗanwaken ya bushe ya yi tauri kamar tsakuwa.

Bayan an share makoki, Kurege ya ce su dafa irin na Iya. Ya fifita wuta har jelarsa ta babbake. Zabuwa ta daka yaji tana share hawaye, tana cewa yajin ne. Suka kwaɓa, suka jefa, suka zuba wa tukunya ido.

Babu ko ɗaya da ya taso. Duk ya narke ya zama kunu.

"Kanwa nawa take sawa?" in ji Kurege.

"Ni kake tambaya? Kai ta kira."

Suka sake, ya yi ɗaci. Suka sake, ya watse. Ga gyaɗa har bakin ƙofa, ga mai, ga yaji, amma ɗanwaken Iya ya tafi tare da ita.

Shi ya sa har yau za ku ga Kurege yana cikin gudu sai ya tsaya cak a kan ƙafafunsa na baya, ya haɗa hannuwa a ƙirji, yana waige-waige. Ji yake kamar an kira shi cin abinci.

Darasin wannan labari shi ne, in an ce ku zo a dafa, ku ajiye abin da ke hannunku ku zo, ko da fifita wuta kawai kuka iya. Aiki yana nan gobe, amma mai kiran ba lallai tana nan ba, kuma abincin da aka rufe wa mutum ba ya zama daidai da wanda aka ci tare. Inna, ban gaya wa kowa wannan labarin ba tukuna, har yaran. Ke na fara gaya wa.