Jinyar Malam Shekarau

Ku gyara zama, wannan a kan idona ya faru.

Malam Shekarau manomin albasa ne a wani ƙauye na bakin fadama. Ciwon ciki ya kwantar da shi, 'ya'yansa uku suka kai shi babban asibiti a birni. Bayan gwaje-gwaje likita ya ja su gefe ya ce ciwon daji ne, ya riga ya bazu, abin da ya rage kawai a sauƙaƙa masa wahala.

Tanimu, babbansu, ya riƙe hannun likita. "Don Allah kada Baba ya ji. Na san halinsa, in ya ji ko ruwa ba zai ƙara sha ba." Ya koma ya ce wa tsohon gyambon ciki ne. Tsoho ya sami kuzari, yana shan kununsa, yana ba maƙwabtan gado dariya har mako uku. Amma a makonnin nan da bakinsa ke da ƙarfi bai bar wasiyya ba, bai kuma aika a kira ƙaninsa Cindo ba, wanda suka shekara goma sha ɗaya ba sa magana saboda iyakar gona.

Barmani, mai bi wa Tanimu, ita ke juya uban tana goge masa jiki. Ita ta lura yana cizon zanen gado in ya ga ba a kallonsa. Ma'aikatan jinya suka ce magani mai ƙarfin sai babban likita ya sa hannu. Ta yi yini biyu a ƙofar ofishinsa har aka bayar. Zogi ya tafi, sai dai maganin ya zo da barci. Tsoho ya koma sai ya farka ya yi kalma biyu ya sake lumshe ido.

Wata safiya ya farka sarai, Jatau autansu na gefensa.

"Auta, dube ni. Zan tashi kuwa?"

Jatau ya gaya masa gaskiya. Tsoho ya ce, "Da kun faɗa mini da wuri. Ku kai ni wurin Cindo."

Likita ya ce jikinsa ba zai ɗauki hanya ba. Jatau ya sa hannu ya fitar da shi. Tsoho ya yi kalmar shahada da bakinsa, ya yafe wa 'ya'yansa a cikin mota, amma ya cika a kan gadar shiga gari. Cindo kuwa, da ya ji suna tafe, yana ƙofar gida tun hantsi, ya shimfiɗa tabarma yana jira.

Bayan sadakar arba'in wata likita ta zo ƙauyen. Tana bin gidajen da aka yi rashi ne tana tambayar abin da asibiti ya kamata ya gyara. Ba wanda ya ambaci asibiti. Tanimu ya ce shi ya cinye wa ubansu kwanakinsa masu kyau. Barmani ta ce ita ta rufe masa baki da maganin nan. Jatau ya ce shi ya ɗora shi a hanyar da ta ƙarasa shi. Likitar ta riƙe biro, ta rasa abin rubutawa.

To, ku da kuka ji, wane ne a cikin ukun nan ya fi kyautata wa mahaifinsa?