Gwangwanin da Manaja Ya Ƙi Ɗauka

Akwai wata mata mai gwajin kaya a wani kamfanin madarar gari. Ba gwangwanin da ke fita kasuwa sai ta buga hatimi. Ma'aikata na kiranta Hajiya A'a, don a'a ta fi saurin fitowa daga bakinta.

Mijinta ne mai waldar kamfanin. Kullum da hantsi yakan ajiye mata shayi a tagar ɗakin gwaji, ya wuce kamar ba shi ba.

Wata rana ta gwada sabuwar madara, sai ta ga gubar dalma a ciki. Ta sake gwadawa har sau uku. Dalma dai.

Da mijin ya kawo shayi, ta nuna masa takardar sakamakon gwajin. Ya karanta.

"Ni ne," ya ce. "Bututu ya tsage, manaja ya ce ba za a jira sabo ba. Na liƙe shi da dalma."

"Ka san in na faɗa, kai za a fara kora?"

"Na san wadda na aura. Faɗi."

Ta kai wa manaja takardar. Ya yi dariya.

"Hajiya, wannan ai 'yar ƙura ce. Buga hatimi, in kina son mijinki ya ci gaba da aiki."

To, al'adar kamfanin ce, duk sabuwar madara kowa ya ɗauki gwangwani ɗaya ya kai gida, manaja ke farawa. Ranar aka jeru, shi kuwa ya wuce hannu a aljihu.

Ta ɗauki gwangwani, ta tare shi gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ka manta na jaririyarka."

"Ajiye shi."

"Don me? Ba ka ce 'yar ƙura ce ba?"

Wani tsohon direba ya dubi manaja, ya mayar da nasa gwangwanin. Sai na bayansa, sai kowa.

Ranar ko mota ɗaya ba ta fita ba. Hukuma ta zo ta kwashe madarar, manaja ya rasa kujerarsa. Mijin ma aka kore shi, kamar yadda suka zata.

Ya kafa rumfar walda daura da ƙofar kamfanin. Har yau, da hantsi, akwai shayi a tagar.

Darasi: Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka miƙa wa ɗan wani. In za a ce a'a, a faɗe ta ko da za ta taɓa na gida. Ku tura wa duk wanda amana ke hannunsa.