Mai Lambun da Ya Hana Tsironsa Ganin Rana

Akwai wani mutum mai lambu a bakin rafi, wanda da noman tumatir yake ciyar da iyalinsa duk rani. Wata shekara ya zuba iri a fangali, wato ɗan filin renon tsiro, sai tafiya ta kama shi kafin ya yi masa rumfa. Ko da ya dawo, rana ta ƙone ɗan tsiron ƙurmus. A ranin nan gidansa sun ji jiki, har ta kai ga yaransa suna kwana da kunu kawai a ciki. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi alkawari a zuciyarsa cewa muddin yana numfashi, rana ba za ta sake taɓa masa tsiro ba.

Da shekara ta kewayo ya sake zuba iri. Wannan karon ya kafa rumfa mai kauri, ya jera karan dawa, ya ɗora zana a kai, ya kare gefe da gefe, har ko tsinken haske ba ya ratsawa. Safe da yamma yana yayyafa ruwa. Iri kuwa ya tsiro, ya yi ta miƙewa da sauri.

Yayansa ma yana da lambu kusa da nasa. Shi ma ya yi rumfa, amma da tsiron ya fitar da ganye sai ya fara zare kara kaɗan-kaɗan, yau hasken safe ya shiga, gobe na hantsi, har ya kwashe rumfar duka. Tsironsa gajeru ne, masu kauri, kore shar. Mutumin nan ya kan leƙa ya kwatanta, ya ga nasa sun ninka na yayansa tsawo, sai ya ji daɗi.

Wata rana yayan ya zo ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin zanar, ya ga tsiron dogaye sirara, ganyensu ya yi fari-fari, duk sun karkata wajen wata 'yar kafa da ta ɓule a jikin zanar. Ya ce, “Ƙanena, wannan tsawon ba girma ba ne. Haske suke nema. Ka rage musu inuwa.”

Ya amsa ya ce, “Yaya, kai ba ka ga abin da na gani bara ba.”

Yayan ya tashi ya koma aikinsa.

Lokacin dashe ya yi. Mutumin ya cire rabin tsiron ya dasa a fili da sassafe, ya ba su ruwa har suka ƙoshi. Kafin rana ta take tsaka duk sun kwanta a ƙasa kamar zaren da aka jiƙa. Ya ƙara ruwa, bai yi amfani ba. Karansu ba shi da ƙarfin ɗaukar kansa, ganyensu bai taɓa sanin zafi ba. Washegari babu ko ɗaya da ya tashi. Ya tsaya a tsakiyar lambun yana duban na yayansa da aka dasa rana ɗaya da nasa, suna tsaye kyam.

Sai ya tafi wurin rumfarsa, inda sauran rabin yake, ya ɗage zanar, ya fara zare kara. Abin bai zo masa da sauƙi ba. Da rana ta yi zafi ya ga ganyen ya yi yaushi, hannunsa ya kai ga zanar zai mayar, sai ya daure ya bar ta. Da la'asar ganyen ya miƙe. Haka ya yi ta yi, kullum yana ƙara musu haske, har suka yi kauri, launinsu ya dawo. Ya dasa su a makare, amma suka kama, suka yi fure, suka yi 'ya'ya. Bai samu kamar na yayansa ba, amma gidansa ba su yi yunwa ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Tsiron nan 'ya'yanmu ne, da kuma sababbin masu bi da Ubangiji ya danƙa a hannunmu. Rumfa ita ce kulawarmu, kuma abu ce mai kyau, gama ɗanyen tsiro ba ya rayuwa sai da inuwa. Rana kuwa ita ce nauyi da aiki da gwaji, waɗanda in babu su mutum ba ya yin ƙwari.

Mai lambun nan ba mugu ba ne. Ƙauna ce da tsoro suka haɗu suka sa ya yi abin da ya yi. Haka wata uwa, don ta sha wahala tana ƙarama, ba ta barin 'yarta ta hura wuta. Haka wani uba, ana yi wa ɗansa tambaya shi yake amsawa. Haka wani dattijon ikilisiya, ba ya barin matashi ya bi da addu'a, wai kada ya yi kuskure a gaban jama'a. Wata rana za a dasa su a inda ba ka nan. Ka zare kara tun kana kusa, tun kana iya ba su ruwa idan sun yi yaushi.

Kai kuma da kake ji kamar Allah ya janye maka inuwar da ka saba da ita, kada ka ce ya yashe ka. Ya san ƙarfinka fiye da yadda ka san shi, ba ya kuwa kwashe rumfa gaba ɗaya a kan ɗanyen tsiro. Ka tsaya a inda ya ajiye ka. Yana shirya ka ne domin ka ba da 'ya'ya.