Ɗakin Tagulla na Mai Babban Ɗaki

A zamanin da, can wata ƙasa inda rana ba ta san wasa ba, an yi wani Sarki mai son mahaifiyarsa kamar ransa. Wata shekara fatake suka sauka da fallayen tagulla masu ɗaukar ido. Sarki ya ce wannan abu bai dace da kowa ba sai Mai Babban Ɗaki. Ya sa aka gina mata ɗakin dutse, aka rufe shi da tagullar, aka ɗauko ta daga tsohon soronta na ƙasa.

Daga nesa ɗakin yana walƙiya, har ƙauyawa na zuwa kallo. Daga ciki kuwa, da hantsi ya ɗaga, tanderu ne.

To, Sarki ɗan fari ne. Uwar ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta buɗe baki ta ce kyautarsa tana cin ta. Shi kuma bayan sallar asuba yake zuwa gaisuwa, lokacin da rufin ya huce, sai ya ɗauki shirunta a kan jin daɗi.

Waziri Tanimu ne abin ya dama, don a hannun tsohuwar nan ya sha fura yana ƙarami. Wata rana Jakadiya Lantana ta tare shi a soron ciki, ta ce, "Waziri, Iya fa ƙarewa take yi. Ba ci, ba barci. In ta lumshe ido sai ta riƙa zancen tsohon soronta, wai tana jin ƙamshin ƙasa da aka yayyafa wa ruwa, wai tattabaru na kuka a kan azara, sanyi na bin bango yana sauko mata."

Tausayi ya kama Waziri. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, bangon ƙasa mai kauri shanye zafin rana yake yi, ya riƙe shi har yamma. Tagulla kuwa yadda ta karɓa haka take zubo wa na ƙarƙashinta."

Sarki ya yi dariya ya ce, "Waziri ya koma magini! Ka taɓa jin Mai Babban Ɗaki ta yi kuka da ɗakin?"

Waziri ya tashi ya koma gida.

Ya haƙura har bazara ta kai tsakiya. Ranar nan ana shirin tashi daga fadanci, rana ta take tsaka, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, akwai wani gida a ƙasarka, wanda ya gina shi ya san safiyarsa, bai san ranarsa ba."

Malamai suka yi ta lalube, ba su gano ba. Sarki ya ce, "Wane sakarai ne wannan?"

Waziri ya ce, "Sai dai in kai ka, in ka yarda, yanzu."

Da Sarki ya ga inda suka nufa sai fara'arsa ta ragu. Yana sa ƙafa cikin ɗakin, hucin ya mare shi, gumi ya jiƙa rawani nan take. Ga mahaifiyarsa kwance kan jiƙaƙƙiyar tabarma, ta rame, leɓɓanta sun bushe, kuyangi na yi mata fifita da iska mai zafi. Da ta gane wanda ya shigo, ta yunƙura da kyar, ta ja mayafi, ta kau da kai, ta ce wa Jakadiya, "Ce masa ɗaki ya yi kyau. Allah ya yi albarka."

Sarki ya durƙusa a wurin, hawaye na bin gemunsa.

Kafin la'asar an kira Sarkin Magina. Aka gyara tsohon soro, aka ƙara wa bango kauri, aka yi sabon yaɓe da daɓe, aka buɗe 'yan tagogi can sama. Tagullar kuwa aka sauke ta, maƙera suka mayar da ita tasoshi, aka raba wa matan gari.

Ranar da Mai Babban Ɗaki ta koma soronta, Sarki ya zo gaisuwa da tsakar rana, Waziri na biye. Jakadiya ta tare ƙofa, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ranka ya daɗe, barci take yi."

Sarki ya aika a hana makaɗa taɓa ganga. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a ƙasa bakin ƙofa, ya jingina da bango mai sanyi, yana sauraron numfashinta har inuwa ta juya.