Rumbun Gafiya

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina!

Ta zo mu ji ta, Iya!

To ku matso. Kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci.

An yi wani tsoho a Tsamiyar Kwari, ana ce masa Baba Jatau. Yana da dutsen niƙa wanda ba hannu ke juya shi ba, ruwan ƙorama ne ke tura wani katako, katakon ya juya dutse. A garin kuma akwai Gafiya. Wayyo, ɓarauniya! Amma in abu ya ɓace ita ce kan gaba wajen jaje, har da hawaye, don haka kowa na ganin mutuncinta. Ashe rami gare ta tun daga rumbunta na ƙarƙashin ƙasa har gindin dutsen nan, ta nan take kwasar tsaki.

Sai rani ya yi, ƙorama ta janye, dutse ya tsaya cik. Ba niƙa, ba abin sata. Gafiya ta rame har wuyanta ya fito.

Ta ce, "Ni zan jawo ruwan nan da kaina."

Ta hau tono daga bakin ƙorama. Kwaɗo ya leƙo ya ce, "Gafiya, ina ramin nan ya nufa?"

Ta ce, "Aikin lada nake, matsa!"

Ƙaguwa ta fito ta ce, "Gafiya, ina ramin nan ya nufa?"

"Aikin lada nake, matsa!"

Agwagwa ta ƙaraso tana rangaji. Kafin ta buɗe baki Gafiya ta ce, "Ke ma matsa!"

Tono ya yi nisa, hannu ya gaji. Sai malalaciyar ta ce, "Kai, wahalar me nake sha? Ba ga tsohon ramina ba?" Ta fasa ta haɗe su. Ko kusa ba ta tuna ta tsakiyar rumbunta hanyar ta bi ba.

Ruwa ya shiga, buuu! Katako ya motsa, dutse ya kama gurr, gurr. Mutane suka sheƙo da ƙoren dawa, mata na guɗa. Gafiya ta haye tudu tana karkaɗe ƙasa, ta ce, "Ni ce nan!"

Ana cikin sa mata albarka sai ga ludayi ya ɓullo daga ramin yana iyo.

Inna Tabawa ta ce, "La! Ludayina na bara!"

Sai ga takalmi wari ɗaya. Liman ya ce, "Subhanallahi, nawa ne! Tun sallah nake ɗingishi."

Sai ga wani ƙaton wando ya taso, ya naɗe a katako yana zagayawa, fal, fal. Baba Jatau ya dafe kai. "Wandon aurena! Gafiya, ba ke kika taya ni kukansa ba?"

Kunya ta kashe Gafiya. Ta daka tsalle za ta faɗa rami, rami ya cika da ruwa, ya tofo ta a gaban Inna Tabawa, ga ludayi a hannu. Ƙwal a ka!

Tun ran nan Gafiya ba ta fita da rana. Hanyar ruwan kuwa ta zauna, kuma a garin in za a tura yaro sai a ce, "Je ka duba ko ciyawa ta toshe Rumbun Gafiya." Daga nan sunan ya samo asali.

Kun ji dai, wanda ya ɓoye kayan mutane, da hannunsa zai fito da su. Ɗanliti, ina ƙuliƙulin da na ajiye ɗazu?

Ƙurunƙus, kan jiƙaƙƙiyar gafiya!